Tambaya da Amsa: Karatun Nesa, Ana Samu Ko Ɓata Kuɗi Ne?

Assalamu alaikum, masu karatu. A cikin saƙonnin da suka iso mini wannan wata na ware guda huɗu, duka daga nan Kumasi, duka kuma a kan karatun da ake yi ba tare da an tare a makaranta ba. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunaye.

Tambaya: Malama, ni matar aure ce a Aboabo, shekaruna 32, 'ya'yana uku, ƙaramin yana goye. Na rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, lissafi ya kayar da ni, kafin in sake aka yi mini aure. Yanzu ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta mai zaman kanta, albashin bai taka kara ya karya ba saboda ba ni da takarda. Ina so in yi karatun nesa. Maigidana ya yarda, muddin ba zan bar gida ba. Amma surukata ta ce karatun waya ne, ɓata kuɗi kawai. Shin ana karɓar takardar? Kuma mai goyo za ta iya?

Amsa: Ƙanwata, sau biyu na karanta saƙonki, domin ni ma da goyo a baya na yi nawa karatun.

Bari in fara da maganar Hajiya surukarki, tunda ita ce babba. Kada ki ga laifinta. Abin da ta taso ta sani shi ne mai neman ilimi tashi yake yi ya bar gida. Haka magabatanmu suka yi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi a Kano aka haife shi, ya yi karatunsa a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fataken goro zuwa Salaga, ya ƙarasa rayuwarsa yana karantarwa a Krachi har ya rasu a 1934. Wanda aka raina da irin wannan labari, in aka ce masa ga wata tana digiri a kan tabarma a tsakar gida, dole ya yi shakka.

Sai dai karatun nesa ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun 1858 Jami'ar Landan ta ba waɗanda ba sa zaune a cikinta damar rubuta jarrabawarta. Dakta Busia, wanda ya zama firaminista a 1969, ta hanyar wasiƙa ya samu digirinsa na farko daga can, yana nan ƙasar yana koyarwa. Mu mutanen zango ba mu manta da dokar korar baƙi da gwamnatinsa ta kafa a wannan shekarar ba, wadda ta raba gidaje da yawa a unguwanninmu. Na ambace shi ne don ki san tun zamanin ambulan da kan sarki ake wannan karatu, kuma ba wanda ya ce takardarsa ta banza ce.

Yau manyan jami'o'in gwamnati duk suna da sashen karatun nesa: Jami'ar Cape Coast, Jami'ar Ilimi ta Winneba, Jami'ar Gana da ke Legon, da KNUST tamu ta nan gida. Ta fannin koyarwa, wanda shi ne naki, Cape Coast da Winneba ne suka fi daɗewa a kai, tun shekarun 1990, kuma malamai masu ɗimbin yawa ta nan suka ɗaga takardunsu zuwa difloma da digiri ba tare da sun bar ajinsu ba. Jami'ar ce da kanta ke ba da takardar, da sunanta da hatiminta. Amma kada in yi miki daɗin baki: takarda ba ta nufin gwamnati za ta tura ki aiki washegari. A 2018 aka kawo jarrabawar lasisin koyarwa, kuma ko an samu lasisin sai an jira lokacin ɗaukar ma'aikata. Abin da takardar ke yi shi ne ta sa ki cikin layin da a yanzu ko kusa da shi ba ki isa ki tsaya ba, kuma ta ba ki bakin magana a gaban mai makarantarku.

Kuma ba duka ne a waya ba, wannan ki faɗa wa Hajiya. Akwai littattafan darasi, akwai haɗuwa da malamai a cibiyar karatu a ƙarshen mako, jarrabawa kuma zama ake yi a ɗaki da mai tsaro a kanki. Wayar tana ɗaukar wani kaso ne: darasin kai tsaye, tura aikin gida, saƙonnin aji.

Maganar lissafi tana da ƙofa biyu. Ko ki sake rubuta shi a jarrabawar masu zaman kansu da muke kira Nov-Dec ki nemi sakamakon C6 ko abin da ya fi, ko ki shiga ta ƙofar manya, wadda ake buɗe wa duk wanda ya kai shekara 25, a yi masa jarrabawar shiga ta musamman. Ke kin haura wannan. Ki nemi sanarwar ɗaukar ɗalibai ta wannan shekarar ki karanta da idonki, domin sharuɗɗa sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Shawarata dai, ko ta ƙofar manya kika shiga, kada ki gudu daga lissafin. Yara za ki koya wa, kuma malamar da ke tsoron lissafi tsoron take shuka wa ajinta ba tare da ta sani ba. Shafin koyon karatu na intanet mai suna Khan Academy kyauta ne, yana farawa tun daga ƙirga. Minti 20 kullum ya ishe ki somawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya kai tsaye ba. Kuɗin makaranta da na data nauyi ne, amma ba su ne ke kayar da mata irinmu ba. Lokaci ne. Wadda ta tare a makaranta, ƙararrawa ke tashinta. Ke kuwa ba mai tashinki, kuma duk wanda ya gan ki a gida gani yake ba ki da abin yi. Baƙuwa za ta shigo kina tsakiyar darasi, ba kuwa za ki iya cewa ta koma ba.

Ni a 2015 nake tsakiyar nawa, lokacin da dumsor ya yi tsanani, a ɗauke wuta yini da kwana. Fitilar caji nake kaiwa makaranta in cika, in dawo da ita a jaka. Na gwada karatun dare na ga ba zai yiwu ba, shafi biyu nake yi barci ya sace ni. Sai na koma tashi ƙarfe 3:30, in yi karatu har a kira Asuba, in yi salla, in ɗora ruwa, in aiki babbar 'yata ta sayo koko da ƙosai. Sa'a ɗaya da rabi ke nan kullum da ba mai kiran sunana a ciki. Da wannan na gama, ba da wata baiwa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ƙarshen mako. Kin san zango: Lahadi ranar biki ce, ga suna, ga addu'ar bakwai, ga ta arba'in. Na rasa bukukuwa da dama, har aka fara cewa boko ya sa ni girman kai. Abin da na koya a makare, nake so ke ki yi tun farko, shi ne ki riga mutane. Ki je gidan biki ranar Juma'a da gudummawarki, ki ce ranar Lahadi kina da jarrabawa, ki nemi afuwa. Wanda aka gaya wa tun da wuri ba ya riƙe mutum. Gaisuwar mutuwa kuwa ba a ɗaga ta, ko da littafin a jaka.

Kada ki yi shi ke kaɗai. Mu huɗu muka haɗa kai a ajinmu, biyu daga Asawase, ɗaya daga Sawaba, sai ni. Wadda ta gane darasi sai ta yi bayaninsa da Hausa ta turo mana a saƙon murya, mu saurara muna wanke-wanke. Da ɗaya ta haihu ta so ta ajiye, muka riƙa kai mata aikin gida har ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta fannin data kuma, kamfanonin waya suna da garabasar tsakar dare. Ki sauke bidiyo da takardu a lokacin, ki karanta da rana ba tare da kin kunna intanet ba.

Me na samu? Ban rasa albashina ko na wata ɗaya ba, ban bar 'ya'yana a hannun wani ba. Amma babbar ribar ita ce abin da na koya ranar Asabar ina gwada shi ranar Litinin. An koya mana cewa yaro ya fi saurin kama karatu in aka fara masa daga harshen da yake tunani da shi. Yaranmu Hausa suke yi a gida, Twi a titi, Turanci a aji, Larabci a makarantar allo. Akwai wani yaro a ajina da bai taɓa buɗe baki ba, kowa ya yanke cewa ba ya ganewa. Wannan Litinin ɗin na durƙusa kusa da shi na yi masa tambayar da Hausa, ya amsa daidai. Ba kai ne ya rasa ba, harshe ne ya tsare shi. Da a ɗakin kwanan ɗalibai nake, sai bayan shekara uku zan haɗu da wannan yaro, ya riga ya yarda cewa shi daƙiƙi ne.

Game da Hajiya, kada ki yi gardama da ita, kada kuma ki aika maigida ya yi miki. Ki ɗauki takardar shiga da littafin farko ki kai mata ɗaki, ki durƙusa ki ce kin zo neman albarka. Sannan ki roƙe ta ta riƙe miki yaron ranar Asabar. Wadda ta goya miki ɗa don ki je aji, karatun ya zama nata, ita za ta riƙa korar miki baƙi.

Tambaya: Anti, ni yaron masta ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, shekarata ta huɗu ke nan. Motocin da ake kawowa yanzu duk kwamfuta ne. Mastana gwani ne a tsofaffin injuna, amma in fitilar inji ta kama sai mu kira wani ya zo da na'ura ya karɓi kuɗi ya tafi. A ƙaramar sakandare (JHS) na tsaya, Turancina ba ƙarfi. Zan iya koyon wannan a waya?

Amsa: Ɗana, za ka iya, kuma kai ka fi mai digiri kusa da shi, domin hannunka ya riga ya san inji.

Abin da mutumin nan yake yi ba sihiri ba ne. Tun 1996 duk motar da ake sayarwa a Amurka dole ta zo da wata kafa mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiran tsarin OBD-II, kuma ka san motocin hannu da yawa daga can ake shigo mana da su. A nan ake jona na'urar, ita kuma ta fito da lamba. P0300, alal misali, tana nufin inji yana tsallake wuta. P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai. Akwai ƙananan na'urori masu araha da ke haɗuwa da wayarka, kuma bayanin kowace lamba yana nan a intanet kyauta.

Ga yadda za ka yi. Ka sayi littafin rubutu. Duk motar da ta shigo, ka rubuta irinta, shekararta, lambar da ta fito, da abin da aka tarar a ƙarshe. Da dare ka nemi wannan lambar a YouTube, ka rage saurin bidiyon, ka kunna rubutun da ke bi ta ƙasa. Turancin mota kalmomi ne ƙididdigaggu da ke ta maimaituwa. Cikin 'yan watanni za ka ga kana gane su. Kada ka riƙa kallon duk abin da waya ta jefo maka. Matsalar da ka taɓa da hannunka yau, ita za ka nema yau.

Ka riƙe abu biyu. Lambar tana nuna inda za a duba ne, ba ta cewa ga abin da za a canza. Masu gaggawa sukan sa mai mota ya sayi sabon kaya alhali waya ce ta tsinke ko bututu ya huje. Nan ne kunnen mastanka, wanda ke jin ciwon inji daga ƙararsa, ya fi na'ura. Na biyu, motocin da ke haɗa mai da batir suna da wayoyi masu ruwan lemo, wutar da ke cikinsu tana kisa. Wannan ba a koyonsa daga bidiyo kaɗai, sai a gaban wanda aka horar.

Kuma ka kiyaye girman mastanka. Kada ka gyara masa magana a gaban mai mota. Ka same shi bayan an tashi ka ce, "Masta, ga abin da na gani, ko mu gwada?" In kuɗin da ake ba wancan mutumin ya fara tsayawa a shagonku, shi da kansa zai saya maka na'urar da ta fi. In ka samu 'yancinka, ka rubuta jarrabawar sana'a ta gwamnati, domin kamfanoni takarda suke tambaya kafin su ga hannu.

Tambaya: Malama, ɗana ya samo wata jami'ar ƙasar waje a Facebook. Sun ce digiri cikin wata takwas, ba jarrabawa, a biya rabin kuɗin ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ga wakilinsu. Yana ta matsa mini. Ni a Tafo nake sayar da hatsi, ban san kan abin ba.

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka biya ko sidi ɗaya. Digirin farko a Gana shekara huɗu ne. Wanda ya ce zai ba da shi cikin wata takwas ba jarrabawa, takarda yake sayarwa, kuma ranar da yaron ya kai ta neman aiki ita za ta kunyata shi.

Akwai hukumar da ke kula da manyan makarantu, GTEC, wadda aka kafa a 2020. Tana da jerin makarantu da darussan da ta amince da su, kuma ita ce ke tantance takardun da aka samo daga waje. Ka sa ɗanka ya zauna kusa da kai ya nemi sunan makarantar. In ta waje ce, ya rubuta wa hukumar ya tambaya ko za ta amince da takardarta, kafin a yi maganar kuɗi. Makarantar gaskiya ba ta karɓar kuɗi ta lambar wayar wani mutum.

Amma kada ka kashe masa gwiwa, Alhaji. Yaron da ke neman karatu da kansa abin godiya ne. Ka ce masa kuɗin suna nan, ya nemo ta gaskiya, ko da zai riƙa taya ka a rumfa yana yi a ƙarshen mako.

Tambaya: Hajiya, ni malamin makarantar allo ne a Sawaba. 'Yan uwanmu da ke Bronx ta New York da Hamburg ta Jamus suna roƙona in riƙa karantar da 'ya'yansu Alƙur'ani ta bidiyon WhatsApp. Zuciyata ba ta kwanta ba. Mu gaban malam muka durƙusa. Anya karatu zai zauna a haka?

Amsa: Allah ya gafarta Malam. Fatawa taku ce, ni ta fuskar koyarwa zan yi magana.

Na fahimci abin da ke damunka. Yaron da ya zauna gabanka ba harafi kaɗai yake ɗauka ba, yana ganin yadda kake zama, yadda kake riƙe Mus'hafi, yadda ake gaida babba. Waya ba ta ɗauke wannan duka. Amma ka duba wanda ke roƙonka. Uba ne da ke fita aiki tun duhu, uwa mai aikin dare, yaro kuma yana tashi cikin Turanci ko Jamusanci. Wasu suna da masallaci kusa, wasu ba su da shi. Sun tsallake kowa sun nemo ka domin sun san bakin da suka ɗauki karatu daga gare shi, suna so 'ya'yansu su ɗauka daga nan. Ni a ganina wannan amana ce, kuma ina jin daɗin cewa a wannan karon ilimin daga zango yake fita zuwa Turai da Amurka.

Mu malamai duk mun ɗanɗana wannan a 2020, da aka rufe makarantu ranar 16 ga Maris, ƙananan azuzuwa ba su koma ba sai Janairun 2021. Abin da na gani shi ne yaron da ke da babba a kusa da shi ya ci gaba, wanda aka miƙa wa waya aka bar shi ya koma baya. Saboda haka sharaɗinka na farko: uwa ko uba ya zauna a ɗakin. Na biyu, a taƙaita. Minti 25 da yaro ɗaya ko biyu ya fi sa'a guda da yara goma. Na uku, yaro ya yi alwala, ya zauna a ƙasa, ya gaishe ka kamar yana gabanka. Ladabi ana iya kafa shi ta waya in ka tsaya a kai tun ranar farko.

Ka lissafa lokaci da kyau. New York tana bayanmu da sa'a 4 a lokacin zafinsu, 5 a lokacin sanyi. Jamus tana gabanmu da sa'a 2 ko 1. Na Hamburg za su dace da bayan La'asar, na Bronx kuwa sai bayan Isha ko ƙarshen mako. A yanke maganar sadaka a fili tun farko, nawa ne kuma yaushe, don kada kunya ta ɓata zumunci.

Intanet yakan yanke ya haɗiye madda ko gunna, ka zaci yaro ya yi daidai alhali ba ka ji ba. Don haka bayan kowane darasi ka sa ya turo karatunsa a saƙon murya, ka saurara a natse, ka mayar masa da gyara. Ka jingina wayar a kan abin da ba ya motsi, ka fuskanci taga, yadda zai ga leɓɓanka lokacin da kake fitar da haruffan maƙogwaro. Kuma ina roƙonka alfarma ɗaya: gaisuwa da bayani ka yi musu da Hausa, ko da sun amsa da wani harshe. In wani zai tafi can, ka ba shi allo da tawada ya kai wa kowane yaro, ya rubuta da hannunsa ya ɗaga maka ka gani.